Yaron da Aka Ce Wa "Je Ka Gola"

Jama'a masu saurarenmu a Funtua da Malumfashi, da Bakori da Danja da Ƙafur, da Dandume da Faskari da Sabuwa, da duk inda muryarmu ta kai, barkanmu da warhaka.

Hirarmu ta yau ta ƙwallo ce, amma ina roƙon iyayenmu maza da mata, kada a murɗe rediyo a ce wannan ta yara ce. Rabin maganar taku ce.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin firamare bayan La'asar ya san yadda yara ke raba kansu. Manya biyu su tsaya, wannan ya zaɓa, wancan ya zaɓa. Mai gudu ya tafi gaba, ƙaƙƙarfa ya koma baya, mai ƙwallon kuwa duk inda ya ga dama nan zai buga, don in aka ɓata masa rai sai ya ɗauki abarsa, wasa ya tashi. Daga nan sai a waiga a ga wanda ya rage, ƙaramin cikinsu ko mai jiki ko wanda ya zo a makare, a ce da shi, "Kai, je ka gola." A ajiye duwatsu biyu ko silifa biyu, a auna da taku, shi ke nan an yi raga. In an ci shi, kowa ya yo kansa da faɗa. In ya kama, ba mai cewa sannu, sai dai a ce ya yi maza ya jefo.

Wannan yaron ne ya kawo mu yau. Abin da nake so mu fahimta game da shi guda ɗaya ne: aikin tsaron gida ba ya nuna da wuri. Mu nan manoma ne, mun san gero yakan shiga rumbu tun ruwa bai ɗauke ba, dawa kuwa sai iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ɗan wasan gaba yana iya yin suna yana ɗan shekara 18. Gola kuwa sau da yawa sai ya doshi 30 kafin a san da shi. Dino Zoff na Italiya yana da shekara 40 ya ɗaga kofin duniya a 1982. Essam El-Hadary na Masar yana da 45 ya tsaya a raga a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, kuma a wasan nan da Saudiyya har fanareti ya tare. To tsakanin shekara 15 da shekara 28, wannan dogon jira, me yaro zai yi da kansa? Nan ne maganar take.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu fara da wanda ya ci arziki a ƙasarmu ta Katsina, don kada a ce labarin nesa muke kawowa.

Stanley Nwabali ɗan jihar Ribas ne, an haife shi a 1996. Ya yi yawon ƙungiyoyi a cikin gida, ya tsare wa Go Round raga, ya je Enyimba ta Aba, ya je Lobi Stars ta Makurɗi. A watan Yulin 2021 aka kwashi 'yan wasan da ke bugawa a gida aka tafi da su Amurka don wasan sada zumunci da Meziko, aka sa shi a raga. Ranar farko ke nan da ya sa rigar Najeriya, kuma ƙwallo 4 aka zura masa, mu ba mu ci ko ɗaya ba. Daga nan aka manta da shi.

A 2022 yana Katsina United, yana tsaron raga a filin wasa na Muhammadu Dikko. Masu bin gasar cikin gida ba za su manta da wannan kakar ba, don a cikinta ne Katsina United da Kano Pillars duka suka faɗo daga rukunin manya. Ku duba lamarin da kyau. Mutum yana da shekara 26, ƙasarsa ta gwada shi sau ɗaya an ci shi 4, ƙungiyarsa kuma ta faɗo. Da a unguwarmu yake, da tuni an fara ce masa ya nemi babur ya kama acaɓa. A wannan shekarar ya tafi Afirka ta Kudu, ya shiga wata ƙungiya mai suna Chippa United, wadda ko a can ba ta cikin fitattu.

Ƙarshen 2023, ana shirin gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa, hankalin 'yan Najeriya bai kwanta da masu tsaron gidanmu ba. Kocin ƙasa na lokacin, José Peseiro, ya tashi takanas ya je Afirka ta Kudu ya gan shi da idonsa, ya sa shi cikin tawaga. Sauran labarin da yawanku kun gani a gidajen kallo. Bayan kunnen doki 1 da 1 a wasan farko, sai da aka buga wasa 4 a jere ba a ci Najeriya ba: da masu masaukin baƙi, da Gini Bisau, da Kamaru, da Angola. Ran 7 ga Fabrairun 2024 a birnin Bouaké aka haɗu da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe, wato ƙasar da yake cin abinci a cikinta. Aka tashi 1 da 1, aka yi ƙarin lokaci ba ci, aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya tare na Teboho Mokoena, mutumin da ya riga ya ci shi fanareti a ƙarshen wasan, ya kuma tare na Evidence Makgopa. Najeriya ta wuce da 4 da 2. Kofin dai bai zo gida ba, Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abijan, amma tun daga ranar nan ba wanda ke tambayar wane ne Nwabali. Yana da shekara 27 a lokacin.

Ina son wannan labari ƙwarai, amma ba na son a ɗauke shi a baibai. A ƙungiya mutum 10 ne ke yawo a fili, ana sauya su, wannan ya fita wancan ya shiga. Gola ɗaya ne tak, kuma in yana da lafiya ba a cika cire shi ba. Na biyu da na uku suna iya shekara guda a benci. A duk Najeriya, da yawanmu ya haura miliyan 200, raga ɗaya ce ta ƙasa. Bayan Nwabali akwai ɗaruruwa da suka yi irin haƙurinsa, ba kocin da ya hau jirgi don ya gan su. Kuma kowa ya san yadda ake yawan jin koken 'yan wasan cikin gida kan albashin da ba a biya ba wata da watanni.

Ko wanda ya kai, ba shi da tabbacin zama. Bayan Vincent Enyeama ya ajiye rigar ƙasa a 2015, wanda ya gaje shi Carl Ikeme ne, mai tsaron ragar Wolves ta Ingila. Yana kan ganiyarsa, ana sa ran shi zai kai mu Rasha, a watan Yulin 2017 gwajin jini ya nuna yana da sankarar jini. Allah ya ba shi sauƙi, amma a 2018 likitoci suka ba shi shawarar ya ajiye ƙwallo, ya kuwa ajiye yana da shekara 32. Ba laifin kowa, haka jiki yake, aro ne.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu bari in kai ku can nesa kaɗan, don akwai abin dubawa.

A Amurka da Kanada akwai wani wasa da ake kira lakros. Asalinsa na mutanen farko ne na wannan nahiya, waɗanda Turawa suka tarar a can. Kowane ɗan wasa na riƙe da sanda mai 'yar raga a kanta, da ita ake cafe ƙwallo, a ruga da ita, a wurga. Ƙwallon ƙarama ce, ta roba mai tauri, tana shiga tafin hannu, kuma gwanaye kan wurgo ta da gudun da ya kai kilomita 150 a awa. Ragar ba ta kai mita 2 ba, faɗi da tsayi. An taɓa yin wasan a gasar Olamfik a 1904 da 1908, kuma zai dawo a Los Anjalis a 2028.

Abu biyu ne suka ja hankalina game da golan wannan wasa. Na farko, wanda ya tare rabin ƙwallayen da aka auno ragarsa da su, ko fiye da rabi kaɗan, ana lissafa shi cikin gwanaye. Wato tun yana yaro ya san za a ci shi, a kuma ci shi, kuma aikinsa shi ne ya zaro ƙwallon daga raga ya gyara tsayuwa. Na biyu, kuma shi ne babba, wasan ba shi da kuɗin da ƙwallon ƙafa ke da shi. Ƙololuwar yawancin 'yan wasansa ita ce ƙungiyar jami'a. Yaro zai nuna bajinta a sakandare, jami'a ta neme shi, wani lokaci ta rage masa kuɗin makaranta. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA, ta ɗaure wasa da karatu: dole ya kasance cikakken ɗalibi, in makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, a zaunar da shi komai gwanintarsa. Bayan 'yan shekarun nan ya fito da digiri, ya nemi aiki. Ita kanta hukumar tana faɗa wa ɗalibanta cewa waɗanda ke zama 'yan wasan sana'a a cikinsu ba su kai 2 cikin 100 ba. Ba ta ɓoye musu.

Ta wannan ƙofa ta jami'a wani tsohon gola ɗan Najeriya ya yi suna a duniya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya girma, yana makarantar horon malamai ta Musulmi a Legas. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Ya ci kofi a 1994 da 1995, kuma a kundin gasar ba wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a sama, sau 3,830. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa iya taku da saurin kai hannu a raga ya koyo su. Dattawanmu kuma za su so jin wannan: yana tsakiyar gasa yakan yi azuminsa na Ramadan, ya shiga fili bai sha ko ruwa ba. Waɗanda suka gan shi, a makaranta suka gan shi. Da yana yawo a gari, da tsawon nasa sai dai ya zama abin tsokana.

To mu fa? Ba za mu yi ƙarya mu ce tsarinmu ya kai nasu ba. Amma ba wai ba mu da komai ba ne. Jami'o'in Najeriya suna da gasarsu, NUGA, tun 1966. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu, kwalejojin ilimi ma haka. Daga Funtua zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tafiyar safe ce, a je a dawo kafin Azahar, kuma a can har sashe guda ake da shi na koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Duk inda aka tara matasa ana buga ƙwallo, kuma duk inda ake buga ƙwallo, 'yan gaba sun yi yawa, gola nagari ake nema da fitila. Haka kuma 'yan sanda da soja da kwastan suna da ƙungiyoyin wasanni, amma kafin a dubi hannunka sai an dubi takardarka. Wanda ya bar aji uku na ƙaramar sakandare don ya bi ƙwallo, duk waɗannan ƙofofi ya rufe wa kansa da hannunsa.

Abin da ke damuna, kuma na san yana damun malamai da yawa, shi ne yadda wasannin makarantu suka yi sanyi. Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da makaranta kan je wa makaranta wasa, gari ya cika, shugaban makaranta da kansa yana bakin fili. Yau wasu filayen an yanka su an yi shaguna, wasu makarantun kuɗi kuma an gina su ba ko inda za a yi tsalle. In filin makaranta ya mutu, yaro ba zai bar ƙwallo ba, makarantar zai bari.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu da kai nake, ƙanena, kai da ke tsayawa tsakanin duwatsun nan biyu.

Ka san girman abin da kake tsaro. Cikakkiyar raga faɗinta mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Ba mahaluƙin da zai rufe ta da jikinsa, da lissafi ake rufe ta. In ɗan gaba ya taho, ka ɗan tako gaba ka tsaya tsakaninsa da tsakiyar raga, sai ragar ta ƙanƙance a idonsa. Wanda ya manne a layi yana jiran ya yi shawagi don 'yan kallo su yi ihu, shi ake ci. In ƙwallo ta taho sama, ka buɗe yatsu, manyan yatsunka biyu su kusa haɗuwa a bayanta, don kada ta sulluɓe. In ta taho ƙasa, ka sa jikinka a bayan hannunka. In za ka faɗi, ka faɗi ta gefe, cinya da haƙarƙari da kafaɗa su sauka, ba gwiwar hannu ba, ba kuma rub da ciki ba. Filayenmu da rani kun san yadda suke, ƙasa ta bushe ƙamas, ga tsakuwa, wani wurin ma gona ce da aka girbe, kututturen karan masara na nan a tsaye. Kada ka koyi faɗuwa a irin wannan wuri. Ka nemi inda aka zube yashi, ko bakin rafi, ka fara daga durƙushe, sannan daga tsugune, kafin ka kai ga yi a tsaye. Safar hannu ta gwanjo ta isa, in ba ta samu ba hannu ma ya isa, amma doguwar riga da dogon wando kada ka raina su.

Ka kuma koyi buga ƙwallo da ƙafa biyu. Tun 1992 doka ta hana gola ɗaukar ƙwallon da abokin wasansa ya ba shi da ƙafa da gangan, saboda haka golan da bai iya ƙafa ba yanzu kaya ne ga ƙungiyarsa. Daga 2025 kuma an zo da sabuwa: in ka riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, alƙalin wasa zai ba abokan hamayya bugun kwana. A fanareti, daga mita 11 ake bugowa, kuma dole aƙalla ƙafarka ɗaya ta kasance a kan layi ko daidai da shi ko a bayansa lokacin da aka buga. Ga kuma baki. Kai kaɗai ne ke ganin fili gaba ɗaya, saboda haka ka yi ta magana da 'yan bayanka, ko da sun girme ka. "Bar min!" "Bayanka!" "Fita!" Golan da ke jin kunyar ɗaga murya, shi da 'yan bayansa za su yi ta karo.

In an ci ka kuwa, za a ci ka, ka ɗauko ƙwallon ka miƙa. Lissafin laifi sai an tashi. Da safe kuma ka ɗauki jakarka ka tafi aji, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da wata jami'a ko wata hukuma za ta ce kawo sakamakon jarrabawarka ta WAEC ko NECO, ba ranar za ka fara neman sa ba.

Kada ka yarda kowa ya rage maka shekaru a takarda. Tun 2009 ake sa 'yan ƙasa da shekara 17 a na'urar asibiti ana duba ƙashin wuyan hannu, kuma a 2016 an sallami yara 26 daga sansanin Najeriya a kan wannan gwaji, ana dab da wasa da Nijar. Kai da aikinka ke ƙara kyau da shekaru, me ya kai ka ɓoye su? Haka kuma duk wanda ya zo ya ce shi wakili ne, a kawo kuɗi zai kai ka gwaji Turai, ka kai maganar gaban mahaifinka da kocinka da hukumar ƙwallo ta jiha kafin a sayar da ko tiya ɗaya ta masara. Ƙungiyar da ke son ka da gaske ba ta neman kuɗin gonar ubanka.

Malamai masu horarwa na unguwanni, Allah ya saka muku da alheri, da yawanku daga aljihunku kuke sayen ƙwallo. Roƙona gare ku biyu ne. Ku ware wa gola ko da minti 20 nasa na kansa kafin a fara atisaye, kada ya zama allon da 'yan gaba ke gwada ƙafa a kai kawai. Sannan ku riƙa tambayar yara katin sakamako a ƙarshen zango. Yaron da bai ji maganar babansa a kan boko da Islamiyya ba, in koci ya ce ba ka shiga wasan Asabar sai na ga katinka, wallahi zai kawo.

Ku kuma iyayenmu, Baba da Inna, in yaronku ya dawo gwiwa a goge, riga duk jar ƙasa, kafin a ɗauko bulala a tambaye shi a ina yake bugawa, wa ke kula da su. A ƙulla yarjejeniya da shi: makaranta da safe, aikin gona in lokacinsa ne, fili bayan La'asar, gida kafin Magariba, musamman a yanayin da muke ciki na tsaro. Yaron da kuka san filin da yake kowace yamma ya fi wanda ba ku san lungun da yake ba.

Sai maganar rauni, don gola ya fi kowa kai kansa inda ƙafafu suke. In yaro ya bugu a ka, ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko da na ɗan lokaci ne, wasansa ya ƙare a ranar. Kada a zuba masa ruwa a ka a ce ya koma, a kai shi asibiti. In yatsa ya goce ko ya kumbura, kada abokai su taru suna ja, a ɗaure shi da na kusa da shi a je a duba, don karaya takan ɓuya a cikin abin da ake zaton targaɗe ne. Ciwon da ƙasa ta shiga kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a tambayi ma'aikacin lafiya ko yaron na buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda ake kira tetanus, musamman in filin dabbobi na kiwo a cikinsa.

Lokaci ya cim mana, jama'a. A madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, nake cewa a kwana lafiya.